Baffa da Sauran Littafin Rijiyoyi

Ranar Talata da hantsi Baffa ya amsa kiran Ubangijinsa, bayan jinyar kwana tara. Na Allah muke dukanmu, kuma wurinsa muka nufa. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, kafin la'asar kuwa gidanmu na gado da ke Ƙofar Guga ya cika maƙil, tabarmin maza sun kai har bakin titi. Ni ina ciki wurin mata, ina amsa gaisuwa har muryata ta dushe.

Abokan aikinsa na jami'a sun zo cikin motoci, suna ta lissafa takardun da Dakta, kamar yadda suke kiransa, ya rubuta da ƙasashen da aka karanta su. Mu 'yan gida sai gyaɗa kai muke yi, don gaskiya babu ɗayanmu da ya taɓa karanta ko shafi guda. Wata ɗalibarsa ta shigo tana kuka wiwi, tana cewa sau huɗu ya sa ta sake rubuta kundinta, kuma da za a dawo da shi da ta yarda ta sake na biyar. Duk wannan na ji na daure. Wadda ta karya mini zuciya wata tsohuwa ce da babu wanda ya san ta a cikinmu. Ta durƙusa ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake kowa ba.

"Sannunku da haƙuri. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah shi jiƙan Malam, shi sa ya huta," in ji ta. "Ni matar maƙerin nan ce na Ƙofar 'Yandaka."

Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da wani ɗan kati mai zare a jiki.

"Wannan a jikin zuga-zugin maigidana Malam ya ɗaura shi. Shekara shida ke nan da rasuwar maigidan, amma duk sadda kewa ta ishe ni sai ɗiyata ta haska mani da waya, in ji shi yana bayanin ƙira, har da ɗan tarin nan nashi. Na ce ko da rarrahe ne sai na zo."

Mata suka ɗauki salati. Mutum ɗaya ce ba ta ɗago ba: Gwaggo, yayar Baffa da mahaifina, babbarsu duka. Tana can ƙuryar ɗaki da carbinta, ba hawaye, ba magana. Kowa ya ɗauka dauriya ce irin ta manya. Ni kaɗai na san abin da ke tsakaninta da ƙanenta, domin da hannuna a ciki dumu-dumu. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a tuna da Baffa rabi da rabi.

Baffa yayan mahaifina ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Wannan ya ba ni lasisin tsokanarsa da babu ɗan da ya samu a gidan, kuma na more shi sosai. Aikinsa, in za a dunƙule shekara talatin na aji da laburare, shi ne neman hanyar haɗa abin da hannu ke taɓawa da abin da ke ajiye a kwamfuta. A shekarunsa na baya-baya abin ya tattaru kan 'yar lambar nan mai kusurwa huɗu, mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari, wadda ake haskawa da waya. Sai ya ɗaura ta a jikin tsohon littafi, ko kayan sana'a, ko bakin rijiya. Wanda ya haska zai ga hoton abin da tarihinsa, ya kuma ji muryar mai shi. Ni kashin ƙuda nake ce wa lambar. Yakan yi dariya ya ce, "Uwata, ƙudan nan ya yi karatu."

Ba shi ya ƙirƙiro lambar ba, kuma ransa yakan ɓaci in an ce shi ne. Abin da ya hana shi sukuni shi ne yadda za ta rayu a garinmu. Zafin bazara yana kashe tawada. Katangar ƙasa ta cikin birni tana hana waya samun sabis. Abin da aka ajiye a intanet kuma yakan ɓace ba sallama, a haska lamba a tarar da wayam. A kan waɗannan ya ƙare ƙarfinsa: wace takarda ce ke jure rana, ina za a ajiye murya ta kai shekara hamsin, yaya tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta amfana. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi lambobinsa lungu-lungu yana haskawa, ya ga wadda ke da rai da wadda ta mutu. Duba marasa lafiya yake kiran wannan zagaye. Matarsa ta gaji da ajiye masa abincin rana yana hucewa, har ta koma dafa masa dambu ranar Juma'a, wai shi ko ya huce ana ci.

Aljihunsa na dama kuwa ba ya rabo da ƙullin farin zare. Ya sha zaro shi a wurin ɗaurin aure yana neman goro.

Sai kalmarsa, wadda duk wanda ya zauna da shi ya sani: "To, ina sauran?" In ka ba shi labari ka tsaya, ina sauran. In ɗalibi ya kawo babi uku, ina sauran. Ranar da na kai masa takardar kama aikin koyarwa ina ta rawar kai, ya karanta, ya sa albarka, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, ina sauran?" Haushi ya kama ni har na yi kwana biyu ban je gaishe shi ba. Sai da na girma na gane inda tambayar ta samo asali.

Kakanmu malami ne, kuma a cikin abin da ya bari akwai littafin da ya rubuta da hannunsa cikin ajami, a kan rijiyoyin birni. Ya bi su unguwa-unguwa: wa ya haƙa, gaba nawa ce, wadda ruwanta ke da garɗi da wadda ke da zartsi, wadda ke ƙafewa da bazara da wadda ba ta taɓa ba mutane kunya ba. Falle ɗari ne, ba ɗinki, a cikin gafaka. Da ya rasu, masu rabon gado suka zo kan littafin, sai wani dattijo ya ce wannan albarka ce, ba a hana kowa. Aka ƙirga, aka ba maza arba'in-arba'in, aka ba mace ashirin, kamar ana rabon goro. Baffa yana makarantar kwana a lokacin. Ya dawo hutu aka miƙa masa kasonsa, ya karanta ya kai inda magana ta yanke a tsakiya. Daga baya kason mahaifina bai yi wuyar samu ba, don shi ɗan kasuwa ne, da kansa ya kawo ya ce a raba shi da abin da ba ya iya karantawa. Fallayen ƙarshe ashirin ne ke wurin Gwaggo, ita kuwa ta iya karatunsu sarai, kaka da kansa ya koya mata.

Wata rana Baffa ya nuna mini ƙasan wani falle, inda kalma ɗaya ke zaune ita kaɗai a kusurwa.

"Kin gani, Uwata? Kakanninmu ba su sa lambar shahi. A ƙasan kowane sai su rubuta kalmar da za ta buɗe na gaba. Ko iska ta watsa littahi, kalmar nan za ta kai ki wurin ɗan'uwanshi. To ni abin da nike yi ke nan. Ban ƙara komi ba sai waya."

Burinsa kada ya ƙwace kason kowa. Kowa ya riƙe nasa, amma a ɗauki hoton duka, a sa lamba a kowane kaso, duk wanda ya haska ya ga littafin a cike. Ya daɗe yana lallashin Gwaggo. Daga ƙarshe ta yarda da aron yini ɗaya, amma ba a hannunsa ta danƙa ba, a nawa ta danƙa, ina amarya a Kambarawa a lokacin.

"Mai sunan Inna, amanarki ce," ta ce. "Kallo kawai za shi yi. Kada a yi masu komi, kuma kahin magariba ina son abuna."

Ranar aka ɗauke wuta a ofishinsa tun safe, injin ɗaukar hoto bai tashi ba. Na ce ya ɗauka da waya mana. Ya ce hoton waya ba hoto ba ne, gobe zai sake roƙon ta. Amma zumuɗi bai bar shi ya haƙura gaba ɗaya ba. Lokacin yana farkon aikin, sitika yake bugawa mai danƙo a baya. Kafin in ankara ya manna ɗaya a gefen fallen farko na Gwaggo, a wani ɗan fili da babu rubutu, ya yi ta kallonta yana murmushi. Wannan kuskurensa ne, kuma bai taɓa musu ba.

Nawa ya fi nasa. Da ya fita sallar la'asar na zauna ina kallon sitikar, ina jin muryar Gwaggo tana cewa kada a yi masu komi. Na ce bari in cire kafin ta gani. Na sa farce na ja. Tsohuwar takarda ta biyo danƙon, ta yage siriri ta gefe, ta tafi da wani layin rubutu ƙanana da ke kusa. Ban san mene ne ba sai da Baffa ya dawo ya karanta. Kaka ne ya rubuta a gefen shafi: ranar Alhamis an haifa mini ɗiya, ranar da rijiyar gida ta kawo ruwa. A duk duniya nan ne kaɗai mahaifin Gwaggo ya ambace ta da alƙalaminsa.

Na fashe da kuka. Baffa ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Share idonki. Ni zan kai."

"Baffa, ni ce hwa na cire."

"Da ban manna ba, mi za ki cire? Ke amarya ce, kuma ke kaɗai take sakin jiki da ke a gidan nan. Ni ƙanenta ne, ba ta da yadda za ta yi da ni. Ban yarda ki buɗe baki ba."

Muka tafi tare. Ya durƙusa gabanta, babban mutum da furfurarsa, ya ce, "Yaya, na yi ɓarna." Ya miƙa mata fallayen, ya miƙa mata sitikar da yagaggen layin yana reto a jiki. Ta dubi gefen fallen ta daɗe. Ta mayar da fallayenta cikin akwati ta kulle, ta ture sitikar da bayan hannu.

"Riƙe abinka. Ai shi ka hi so da rubutun Baba."

Ba ta yanke zumunci ba, Gwaggo ta fi ƙarfin haka. Tana zuwa suna, tana zuwa biki, in ya gaishe ta tana amsawa. Amma da can sarkin naci take ce masa, ta ja kunnensa ko a gaban ɗalibansa. Daga ranar ya koma Malam, gaisuwa ta koma lahiya lau, shi ke nan. Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka. Ni kuwa ta ci gaba da jana a jiki, tana ajiye mini daddawa da kuka, tana ce wa mutane ni kaɗai ce mai amana a zuri'ar. Ina karɓa ina godiya. Sau da yawa na je da niyyar faɗa, in ta yi mini murmushi sai in koma zancen yara. Tsoro ne, ba biyayya ga Baffa ba, kada in yi wa kaina kwalliya.

Daga wannan ɓarna ce zaren aljihunsa ya fito. Bai ƙara barin danƙo ya taɓa kayan kowa ba. Lamba a kati take, kati a ɗaura shi da zare, ɗaurin da tsohuwa za ta iya kwancewa da hannu ɗaya in ta ga dama. Kuma ba a ɗaurawa sai mai abu ya ji, ya gani, ya yarda. Abokan aikinsa sun gaya mini wannan ƙa'ida ce ta fi fito da sunansa a wajen masana, har ɗalibai suna koyon ta a matsayin hanyarsa. In aka tambaye shi inda ya samo ta, cewa yake yi yayarsa ce ta koya masa, kuma karatun ya yi tsada.

Da ya kwanta asibiti Gwaggo ta je duba shi. Ya ce, "Yaya, a yahe mani." Ta ce, "Allah shi yahe mamu baki ɗaya." Duk wanda ke ɗakin ya ce amin, amma ni da shi mun san ba amsar da ya roƙa ba ke nan. Bayan ta fita ya sa matarsa ta miƙo mini wata ambulan daga aljihun rigarsa.

"In na tahi ki kai mata. Ba sai kin ce komi ba, Uwata."

Yana kan gadon mutuwa, ni yake karewa har yanzu.

Washegarin addu'ar bakwai, da safe, na sami Gwaggo a ɗakinta tana tsince wake. Na gaishe ta, na ajiye ambulan a gabanta. Ta buɗe, ta ga sitikar da layin mahaifinta, an shimfiɗe shi tsaf a tsakanin farar takarda. Kafin ta yi magana na ce, "Gwaggo, shi ya manna, amma ba shi ya yaga ba. Ni ce. Shi ya hana ni hwaɗa, ni kuma na ji daɗin hanin."

Na sa rai za ta zage ni, da ma ta zage ni ɗin. Sai ta ajiye faifan waken a hankali, ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Shekara goma sha ɗaya," ta ce. "Kina cin tuwona, kina kallo ina hushi da ƙanena. Kin bari sai da ƙasa ta ruhe shi. To yanzu wa zan ce ma na yahe? Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi. Kwana uku ban iya tsayawa gaban aji ba. A na huɗu ta aiko maƙwabciyarta ta ce in zo da wayata.

Na tarar da ita zaune a bakin gado, sitikar a kan cinyarta. Ba ta amsa gaisuwata har ƙarshe ba.

"Matar maƙeri ta ce abin nan yana magana. Wannan ma yana yi?"

Ban sani ba. Sitika ce ta shekara goma sha ɗaya, irin waɗanda ya daina bugawa tuntuni. Na matsa bakin ƙofa inda sabis ke kamawa, na haska. Lambar ta buɗe nan take. Ashe tana cikin marasa lafiyar da yake dubawa duk Juma'a. Hoton fallen farko na littafin ya fito, sai muryar Baffa ta cika ɗakin, ya yi bisimilla ya fara karanta rubutun kaka, a hankali, yana ja kamar yadda ake biya karatu a zaure. Gwaggo ta runtse ido. Ta saurari rijiya biyu, ta uku ta ɗaga hannu.

"Kai ni ƙarshe."

Na ja karatun zuwa falle na tamanin. Baffa yana cewa, "Rijiyar da ke bayan rumhwar masaƙa, wani bawan Allah ne ya haƙa ta sadaka, gaba goma sha biyu ce." Ya tsaya. Ya karanta kalmar da ke zaune ita kaɗai a kusurwa: "Ruwanta." Ya sake tsayawa, har na ɗauka ya ƙare. Sai muka ji ya gyara murya.

"Nan nawa da na ƙanena suka tsaya. Sauran yana wurin Yaya, kuma nata ne, kada kowa shi matsa mata. Yaya, in kin ji wannan, laihina ne. Ki yahe mani."

Sai na ji Gwaggo, idonta a rufe, ba takarda a hannunta, ta ɗauka daga inda ya ajiye: "Ruwanta garɗi gare shi, ba ya kashe sabulu, kuma ba ta ƙahewa sai in bazara ta yi tsanani." Ta wuce rijiya ta gaba, da ta gaba, hawaye yana bin kuncinta yana ɗiga a kan zanenta, ba ta share ba. Wannan ne kukan farko da ta yi tun ranar Talatar. Da numfashi ya gaza mata sai ta ce, ba da ni take ba, "Na yahe, sarkin naci. Na yahe tun ba yau ba, bakina ne ya yi nauyi."

Ni ba ta ce ta yafe mini ba a ranar, kuma ban roƙa ba, don ban ga idon roƙo ba. Ta dai jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, ta ɗora fallayen ashirin a kan hannuwana.

"Ki kai a ɗauki hoton da injin nan nashi, ba da waya ba, tunda ya ce hoton waya ba hoto ba ne. Kahin magariba ina son abuna. In kika bari danƙo ya matso kusa da su, ni da ke har Lahira."

Abokan aikinsa suka ɗauki hoton a gabana, ban ko je shan ruwa ba. Matar Baffa ta ba ni ƙullin zaren da aka samu a aljihun rigarsa ta ƙarshe. Da shi Gwaggo ta ɗaure ambulan mai layin mahaifinta a jikin fallayenta, da hannunta, ɗauri mai sauƙin kwancewa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabarinsa, ya shayar da shi ruwan da babu ƙishi bayansa. Ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa mini a nan, ni kuma ya yafe mini shirun da na yi. Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne bai ji yafiyar Gwaggo da kunnensa ba, kuma ni na hana shi ji.

Bayan arba'in ɗalibar nan tasa mai kundi ta zo da na'urar ɗaukar murya, don Gwaggo ta ce ba za a bar karatun ƙanenta a yanke ba. Aka sa mata na'urar a gaba, aka nuna mata jar fitilar da ke nuna an fara ɗauka. Ta gyara mayafi, ta jera fallayenta a kan cinya, ta matso da bakinta kusa kamar mai yi wa wani raɗa.

"To, sarkin naci," ta ce. "Ga sauran."